Barsu da Bokitin Hajiya Balki

A duk layinmu na Hayin Banki gida ɗaya ne ke da kare, gidan Alhaji Yakubu mai katako. Shi ma karen ba na Alhaji ba ne, na maigadinsa ne, Bawa, wani dogon Bazamfare marar son magana. Shekara shida ke nan da Bawa ya baro ƙauyensu a bayan motar hatsi, ba shi da komai sai buhun tufafinsa da ɗan kwikwiyo da ya cusa a aljihun riga. Kwikwiyon nan shi ne Barsu. Ja ne, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kuma tun da ya girma ba a sake tsallaka katangar Alhaji ba. Ragunan da ake turkewa a bayan gida don Babbar Sallah ma shi ke tsaronsu. Kowa ya san Bawa ba shi da kowa a Kaduna sai wannan kare. In ya sayi tuwo sai ya gutsura masa kafin ya kai loma baki, abin da ni dai ban taɓa yarda da shi ba, amma ba a tambaye ni ba.

Lafiya lau ake zaune har bazarar bara, lokacin da Hajiya Balki ta dawo gidan da zama. Yayar Alhaji ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi yana jariri. Mijinta ya rasu a Kano, ta fita takaba, Alhaji ya ɗauko ta. Mace ce mai tsafta irin wadda ke gajiyar da mutane. Alhaji yana da shekara sittin da ɗoriya, mutum goma sha biyu ke aiki a ƙarƙashinsa, amma in ta ɗaga murya ta ce "Yakubu!" sai ka ga ya cire hula yana sosa ƙeya.

Daga shigowa get ɗin gidan akwai famfo, a gindinsa an yi daɓen siminti inda ake ajiye butoci. A zafin bazara babu wuri mai sanyi a gidan kamar nan, saboda haka nan Barsu ke shimfiɗa ciki ya yi barcin rana. Ranar da Hajiya ta gan shi kwance kusa da butocin alwala, sai da ta yi salati sau uku. Daga ranar ta ɗauki aiki. Da safe, da azahar, da la'asar, za ta fito da bokiti da tsintsiya da galan ɗin bilic, ruwan nan mai kaifin wari da ake jiƙa fararen kaya da shi. Ba ta aunawa, ba ta ɗaurayewa. Ta kora kare, ta kwarara, ta dirje da hannunta don ba ta yarda da wankin kowa ba, ta koma ciki. Ko labulenta bai gama kaɗawa ba Barsu ya dawo ya kwanta a kan lemar, yana lumshe ido kamar don shi aka yi.

Wata guda da fara wannan, Bawa ya lura karen yana yawan lasar ciki yana jan jiki a ƙasa. Ya kifar da shi ya duba. Fatar cikin ta yi ja, gashi ya zube, ƙuraje sun fashe sun yi ɓamɓaroki baƙi-baƙi tun daga ƙirji har cinyoyi. Bai faɗa wa kowa ba. Amma ba a ɓoye wa Hajiya Balki abu a gidan da take ciki.

Ran nan da yamma Alhaji ya dawo daga kasuwar katako, bai ko cire takalmi ba ta tare shi a tsakar gida, ta miƙa masa hannuwanta biyu. Sun yi ja, sun tsattsage, tsakanin yatsu yana saɓulewa.

"Duba nan, Yakubu. Duba da kyau."

"Subhanallahi! Yaya, me ya same ki?"

"Ƙazuwar karen maigadinka. Je ka ga cikinsa, iri ɗaya sak. Ni da ban taɓa ko kallonsa da kyau ba ta kama ni, ina ga jikokinka masu rarrafe? Ko dai kare ya bar gidan nan, ko ni in koma Kano in zauna a kangon mijina."

Alhaji ya sa aka kira Bawa. Ya zo ya durƙusa yana murza hula.

"Bawa, ka san masu sayen karnukan nan da ke zagayawa a babur da keji a baya?"

"Na san su, Alhaji."

"Asabar ɗin ƙarshen wata suke biyowa ta nan. Saura mako uku. In cikin karen nan bai warke tas ba kafin ranar, za su tafi da shi."

Babu wanda bai san inda kejin nan ke ƙarewa ba, kuma ba gadi ake kai su ba. Bawa ya ɗago kai.

"Alhaji, karen ga tun yana ɗan ƙanƙane nike tare da shi. Da ƙazuwa ta, ai ni za ta hwara kamawa. Ga hannuna, duba."

"Kai fatarka ai ta kada ce," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Me zai kama ka?"

Alhaji ya shige ɗaki da sauri kamar an kira shi a waya.

Washegari Bawa ya kawo kukansa bencin da muke zama a ƙofar garejin Sabo makanike. To, shi Sabo irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa ban sani ba. Ko ciwon haƙori ka kai masa zai ba ka magani daga cikin kayan mota.

"Wannan ne ya hana ka barci?" in ji Sabo. "Baƙin mai, malam! Wanda aka juye daga inji. Ka shafe cikin da shi, kwana uku an gama. Ubangidana a Kawo da shi yake wa karnukansa, har wani gashi suke fitarwa mai sheƙi."

"Ina karnukan yanzu?" wani ya tambaya.

"Sun mutu. Amma ai ba ƙazuwa ce ta kashe su ba."

Na ce wa Bawa kada ya soma, abin da aka yi don ƙarfe ba a yi shi don fata ba. Amma mutumin da ke cikin tsoro ba ya jin maganar da ba ta zo da magani a hannu ba. Sabo ya cika masa gwangwani, ya tafi da shi.

Abin da ya biyo baya duk layin ya ji. Bawa ya danne Barsu ya lafta masa mai tun daga wuya har gindi. Man na taɓa ɗanyen ciwo kare ya yi wata irin ƙara, ya fizge, ya yi cikin gida inda bai taɓa shiga ba. Ranar kuwa an yi wanki. Zannuwan gadon Hajiya farare guda uku suna kan igiya, gefensu na jan ƙasa, ga farar babbar rigar Alhaji ta Juma'a an shimfiɗa a tabarma ana jiran mai guga. Barsu ya bi ta cikin zannuwan ɗaya bayan ɗaya yana goga ciki, ya ƙare a kan babbar riga ya yi birgima sau biyu, daidai kan aikin wuya.

Ba zan maimaita abin da Hajiya ta faɗa ba, don akwai yara masu karatu. Sabo da ya ji ihun sai ya tuna yana da mota da zai duba a Doka, bai dawo ba sai bayan kwana biyu. A ranar sau biyar aka wanke daɓen famfo, galan guda ya ƙare, aka aiki Bawa ya ciko wani, don shi ake aika sayensa kullum. Cikin kare kuwa ya kumbura, ya fara ruwa.

Allah Ya taimaki Bawa, bayan kwana biyu likitar da ke duba ragunan Alhaji ta zo daga Malali don ta ba su maganin tsutsa. Sunanta Dakta Sumayya, yarinya ce ƙarama, amma ta san aikinta, kuma na yaba mata don tana gaida manya. Tana gamawa da raguna Bawa ya biyo ta har mota.

"Likita, don Allah ki duba min wani marar lahiya."

"Wane ne, Baba?"

"Ga shi can ƙarƙashin kujerata."

Ta sa safar hannu, ta ce ya riƙe mata kan. Tana kifar da karen ta ja da baya.

"Wa ya shafa masa baƙin mai?"

Bawa ya dubi sama.

"Baba, wannan ai guba ce. Yana ƙona fata, in ya lasa kuma ya shiga cikinsa. Duk wanda ya ba ka wannan shawara, ka ce na ce ya fara gwadawa a jikinsa."

Ta sa aka kawo ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, suka wanke man a hankali sau uku, ta tsane wurin da tsumma mai tsabta. Sannan ta bi jikin tana buɗa gashi. Ta duba bayan kunne, ta duba gindin wutsiya, ta duba tsakanin yatsu.

"Abin da ke kawo irin wannan yana da yawa," in ji ta. "Ƙuma na kawowa, kaska na kawowa, amma ban ga ko ɗaya ba, kana kula da shi. Ƙazuwa kuma ta fi son gefen kunne da fuska da gwiwar hannu, sannan ta bazu. Duba kunnensa, lafiya lau. Zan kankari kaɗan in je in duba don in tabbatar, amma ni ban ga alamarta ba. Ka lura ciwon nan ya tsaya ne daidai inda jikinsa ke taɓa ƙasa? Bayansa ko ƙurji ɗaya babu. Ina yake kwanciya?"

Bawa ya nuna gindin famfo. Daidai lokacin Hajiya ta gama wankin azahar, daɓen na ta sheƙi. Likita ta je ta tsuguna, warin ya bugi hancinta har ta yi tari.

"Wannan ai ba a sirka shi ba! Wa ke zuba shi haka?"

"Ni ce," in ji Hajiya, wadda ashe tana tsaye a bayan labule tun ɗazu. "Akwai magana?"

Likita ta miƙe ta gaishe ta har da rusunawa. Idonta ya sauka a hannuwan Hajiya.

"Mama, in ga hannunki?"

"Ga shi, ki gani da idonki abin da karensu ya yi min."

Likita ta juya hannun ta sake juyawa. Alhaji ya fito ya tsaya nesa kaɗan, inda zai iya ji kuma zai iya gudu.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba kare ne ya sa miki ba, ke ma ba ke kika sa masa da gangan ba. Abu ɗaya ne ya ci ku ku biyu. Bilic ɗin nan murfi ɗaya ake sa wa bokiti, a wanke, a ɗauraye da ruwa. Ke kina zuba shi tsura kina dirjewa da hannu, shi kuma yana zuwa ya kwanta a kai da ciki. Ki bar shi mako biyu ki gani. Hannun kuma ki nuna wa likitan mutane, don ni nawa na dabbobi ne."

Hajiya ta zare hannunta a hankali.

"Wato ni da kare ciwonmu ɗaya."

"Ba haka nake nufi ba, Mama."

"Wato tsafta ce ta zama cuta. Shekarata arba'in ina wanke gida tun kafin uwarki ma ta yi wayo. Yakubu, likitar awaki ka kawo ta duba ni?"

"Yaya, ni raguna na kira ta ta duba."

"To ta tsaya a kan raguna. Wanki kuwa yanzu na fara. Kuma ranar Asabar tana nan."

Ta shige ta saki labule.

A bakin get likita ta ba Bawa man shafawa da ƙwayoyi. Ta ce safe da yamma ya wanke wurin da ruwan ɗumi, ya tsane, ya shafa man. Ƙwayar ya tura ta cikin lomar tuwo, ya ba shi har ta ƙare ko da ya ga sauƙi. Kada ya ɓamɓare ɓamɓarokin, ya bar shi ya faɗi da kansa. Ya sa masa tsohuwar riga don ya daina lasa.

"Amma Baba, gaskiya ita ce duk wannan aikin banza ne muddin yana kwanciya a cikin ruwan can."

Bawa ya gwada ɗaure shi a gindin darbejiyar bayan gida. Ya zuba yashi, ya yayyafa ruwa. Karen da bai taɓa sanin igiya ba ya yi ta kuka har maƙwabta suka aiko. Da aka kwance shi ya ɗan saba da yashin, sai Hajiya ta gano sabon wurin, ta bi shi can da bokitinta, don a ganinta duk inda kare ya kwanta ya zama wurin wanki. Bawa ya je wa Alhaji.

"Alhaji, kai ka ji abin da likita ta ce. Ka yi mata magana mana."

"Bawa, kana da yaya mace?"

"Ina da, tana Gusau."

"To ka gode wa Allah da Ya sa Gusau ke da nisa."

Saura kwana goma sha huɗu. Da hantsi Hajiya ta miƙo wa Bawa galan ta ce ya ciko. Ya je shago ya ciko shi kamar kullum. Amma a hanyar dawowa bai shiga ta ƙofar tsakar gida ba, ya zagaya ɗakinsa da ke jikin get. Ya juye bilic ɗin a wata tsohuwar jarka ya tura ƙarƙashin gado, ya cika galan da ruwan famfo, ya auna murfi uku ya zuba don wari, ya girgiza. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya. Ya ce tun da yake bai taɓa cin amanar gidan da yake gadi ba. Abin da ya kwantar masa da rai shi ne ko ɗigo bai zubar ba, kayan Hajiya na nan a ajiye, jinkirta mata kawai ya yi.

Ya kai mata. Ta buɗe ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta dube shi.

"Wannan ba shi da ƙarfi."

"Hajiya, kayan zamani duk haka sunka koma."

"Gaskiyarka. Komai an lalata. Da can in ka buɗe sai idonka ya yi hawaye."

Sai ta riƙa zuba ninki biyu don ta rama. Galan da ke kwana huɗu ya koma kwana biyu, jarkokin ƙarƙashin gadon Bawa suka yi ta ƙaruwa, har ɗakin ya koma wari kamar asibiti, ya dawo kwana a waje.

Rigar da aka sa wa Barsu kuma ta zama abin kallo. Bawa bai da tsohuwar riga sai wata ta kamfen da aka raba a zaɓen da ya wuce, mai hoton wani ɗan takarar kansila da ya sha ƙasa. Ya zura wa kare ƙafafun gaba a hannuwan rigar, ya ɗaure ta a baya, hoton ya zauna daidai a gadon bayansa. Sabo, wanda shi ne ya yi wa mutumin yawon kamfen a layinmu, ya zo har get yana huci.

"Bawa, wannan cin mutunci ne! Ka cire wa karen nan rigar maigidana."

"Likita ta ce a sa mai riga."

"Ta ce a sa masa ta maigidana?"

"To kawo taka. Ko ka hi son in hwaɗa wa Hajiya wanda ya ba ni baƙin mai?"

Sabo ya tsaya ya dubi kare, ya dubi labulen Hajiya.

"Ai ma ta yi masa kyau," in ji shi, ya juya.

Kwana biyar, ruwan ciwon ya tsaya. Likita ta aiko cewa ta duba abin da ta kankara, babu ƙazuwa. Kwana takwas, jan ya dushe, ɓamɓarokin ya fara zubowa da kansa yana barin sabuwar fata. Bawa bai fasa ba ko sau ɗaya, safe da yamma yana tsugune da kwanon ruwan ɗumi, yana wanke cikin kare a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, in ya gama ya je ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwa. Matan gidan kuma suka lura Hajiya ta daina ɓoye hannu a cikin mayafi. Tsagar ta haɗe. Har an ga ta sa lalle ranar Alhamis.

Asabar ta zo. Wajen ƙarfe goma muka ji ƙarar babur, ga mutum biyu, ga keji a baya da karnuka uku a ciki sun yi lamo. Alhaji ya fito. Bawa ya fito da Barsu, ya cire masa riga, ya kifar da shi a gaban kowa. Mu ma muka taso daga benci, don irin wannan shari'a ba a ba mutum labarinta.

Cikin ya yi kyau, sai dai ba tas ba. A cinyar hagu akwai sauran ɓamɓaroki guda biyu, kowanne kamar ƙwayar wake, gashi kuma bai gama fitowa ba. Babban mai babur ya tsuguna ya taɓa haƙarƙarin kare, ya gyaɗa kai.

"Oga, wannan yana da jiki. Mu ɗauka?"

Alhaji ya dubi ɓamɓarokin nan biyu, ya dubi Bawa da ya kasa ɗaga kai. Alhaji mutum ne mai tsayawa a kan maganarsa, kuma tas ya ce.

"A kira Yaya," in ji shi. "Ita ke da ƙara."

Hajiya ta fito da mayafi, ta tsaya nesa da kare taku uku, ta leƙa. Ta daɗe tana kallo.

"To, kun gani," in ji ta. "Ina likitar awakin? Cewa ta yi in daina wanki. Da na bi tata, da yanzu karen nan ya ruɓe. Ninka wankin na yi, ga shi cutar ta mutu a jikinsa, ta mutu a nawa."

Bawa ya ƙura wa ƙasa ido kamar ya ga allura.

"Haka ne, Yaya," in ji Alhaji. "Sai dai akwai saura biyu a cinya. Mun ce tas. Su ɗauka ke nan?"

"Su ɗauki me? Karen da na ƙarar da ƙarfina a kansa wata biyu, yanzu da ya warke za ka miƙa wa wasu? Kuma kai da ka je Makka sau biyu, ba ka ji malamai na cewa ba a cin kuɗin kare ba?"

"To sai a ba su kyauta."

Na rantse da gangan ya faɗa, don na ga gefen bakinsa na motsi. Shekara sittin yana jiran rana irin wannan.

"Yakubu."

"Na'am, Yaya."

"In ka ba da shi, kai za ka riƙa kwana da ragunan?"

"A'a."

"To sallami bayin Allah, rana na yi musu."

Masu babur suka tafi suna gunaguni. Bawa ya kama ƙafar Barsu ya mayar masa da rigarsa, yana sauri har ya zura ƙafa ɗaya a wuyan rigar. Muka fara watsewa. Ni ina daf da get na tsaya gyara takalmi, shi ya sa na ji sauran.

Hajiya ta koma ciki ta fito da galan, ta ajiye a gaban Bawa.

"Ya ƙare. Je ka ciko."

"To, Hajiya."

"Kuma in ka dawo, ka yi sirkin naka a nan gabana. Na gaji da jin ƙarar famfo a bayan ɗakinka kamar mai satar ruwa."

Bawa ya daskare da galan a hannu.

"Hajiya, wallahi ni…"

"Rufe min baki kada ka yi rantsuwar da za ta sa ka azumi. Shekara arba'in ina wanki, ka ɗauka ban san ruwa ba in na taɓa shi? Jarka nawa ka tara?"

"Bakwai."

"Ka kawo min su ɗaki, zannuwana da karenka ya ɓata suna jira. In kuma na ji maganar nan a bakin Yakubu, ko a bencin 'yan zaman banzan can, kai da karen duk keji ɗaya za ku shiga."

Ta juya za ta shiga, sai ta hango ni a tsugune ina fama da takalmin da babu abin da ya same shi.

"Malam, lafiya?"

Na ce lafiya lau, igiya ce ta kwance. Ta dubi takalmin, silifa ne. Na miƙe na yi gaba.